Rasuwar Ɗanlami, Faifan Ajiyar Gidan Malam Inusa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Malam Inusa Jibo, mai koyar da tarihi da labarin ƙasa a wani kwaleji na nan Maradi, a madadin mai ɗakina Rahma, da ƙanwata Mansura da ke aiki a Yamai, da sauran iyalan marigayi Jibo na Jiratawa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da abokan aiki na lakwal, wato makaranta, da maƙwabtanmu na Sabon Gari, rasuwar faifan ajiyar gidanmu, wanda mutanen gari ke kira diski dur, mu kuma muka fi sani da Ɗanlami. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburina, bayan gajeriyar jinya. Wayarsa tana haɗe da ordinatar ɗina, wato kwamfuta, hannuna yana bisa bayansa, har ɗumin jikinsa ya sauka.

Mun same shi wata ranar Alhamis a babbar kasuwa, shi ya sa Rahma ta raɗa masa Ɗanlami tun kafin in gama kwance kwalinsa. Baƙi ne wuluk, mai santsin fata, girmansa bai wuce tafin hannun babban mutum ba, da 'yar fitila shuɗiya a goshinsa. Mai shagon ya ce cikinsa tera huɗu ne. A lokacin ban san iyakar tera huɗu ba, amma shekaru sun nuna mini. Duk abin da gidanmu ya gani ko ya ji ya shige cikin Ɗanlami, kuma sai a 'yan watannin ƙarshe ya fara nuna alamar ƙoshi.

Waɗanda suka zauna da marigayin sun san mai riƙon amana ne. Ya riƙe bidiyon bukukuwan aure da na suna na dangi gaba ɗaya, har da na waɗanda aurensu bai kai ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Ya riƙe darussana tun daga aji na farko na kwaleji har na ƙarshe, da taswirorin da na zana da hannu, da hotunan ɗalibaina na kowace shekara, da wasannin kokowa da na naɗa daga talabijin, da tsofaffin kasakasai na rikoda da na juye masa ɗaya bayan ɗaya a lokutan hutu. Bai taɓa bambanta hoto mai kyau da hoton da aka yanke wa mutane kai ba. Hoton da babban yatsana ya rufe rabin amarya yana nan cikinsa da daraja ɗaya da hoton da mai hoto na gaske ya ɗauka. Kowa ya zo, ya ba shi wuri.

Ba shi da yawan magana. In an tashe shi, yakan ce “zzzuuu” a hankali, kamar dattijon da ke gyara murya kafin ya amsa gaisuwa. In an tambaye shi abu mai nisa, kamar sunan wani yaro da yanzu har ya yi gemu, yakan yi “ƙur-ƙur-ƙur” yana tunani, sannan ya kawo shi daidai. In an gama da shi, sai ya ce “tik” sau ɗaya ya kwanta. Iyakar abin da muka taɓa ji daga bakinsa ke nan a zamanin lafiyarsa.

Yana da hali guda da wasu suka ɗauka girman kai ne, ni kuwa na ɗauke shi tarbiyya. Ba ya son a rabu da shi ba sallama. Kafin a zare masa waya, sai an nemi izini a jikin ordinatar, an jira ya ce an yarda. Wanda ya fizge shi da gaggawa zai tarar gobe ya yi fushi, sai an lallashe shi. Na sha ba ɗalibaina misali da shi. Haka kuma ba ya jure zafi. A tsakiyar bazara nakan zauna gefensa da mafici ina yi masa fifita in yana dogon aiki. Rahma ta taɓa tsayawa bakin ƙofa ta dube mu, ta ce, “Malam, ni tun da aka kawo ni gidan nan ban san iskar maficin nan ba. In na koyi cewa zzzuuu, za a yi mini?” Duk da haka, ita ce ta ɗinka masa jaka da ragowar atamfarta ta salla.

A cikin duk abin da marigayin ya riƙe, akwai abu guda da ya fi sauran nauyi, kuma saboda shi ne wannan sanarwa ta yi tsawo. Wani gajeren bidiyo ne na mahaifinmu, marigayi Jibo, a gonarsa ta rani a Jiratawa. Yana tsaye cikin fangali, wando a naɗe, yana nuna yadda ake buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Yayarsa, Gwaggo Tsahara, ba ta fito a hoton ba, amma ana jin muryarta daga gefe tana cewa ya cika ruwa, albasar za ta ruɓe. Baba ya juyo ya yi dariya har haƙoransa na ƙarshe suka fito, sannan ya nuna ni da fartanya ya ce, “Kai Inusa, kauda abin ga daga huskata.” Shi ke nan. Ba mu da wani wuri a duniya da Baba ke motsi ko yake magana sai nan. Kyamarar da ta ɗauka ta daɗe da mutuwa, kuma wayar Mansura da ke da kwafi ta faɗa cikin randa tun shekarun baya.

Ciwon ajali ya fara ne bayan wata tafiya Tsibiri. Surukan 'yata Fadila sun nemi ganin bidiyon bikinta, don da yawa daga cikin tsofaffinsu ba su samu zuwa ba. Na sa Ɗanlami cikin jakarsa, na rungume shi a ƙirji a bayan kabu-kabu, na roƙi mai babur ya bi mu a hankali, ya kuwa yi iya ƙoƙarinsa. A can marigayin ya yi aikinsa na ƙarshe ba tare da ko tuntuɓe ba. Tsofaffi suka sa aka maimaita musu wurin rawa har sai da suka gaji da dariya. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba, ba hanya ba, ba mai babur ba, ba surukai ba. Da muka dawo gida na haɗa shi, maimakon gaisuwarsa da muka saba, sai ya ce “ƙyat… ƙyat… ƙyat”, ya yi shiru, ya sake cewa “ƙyat”.

Ba a bar shi ba magani ba. Wani maƙwabci ya ce a binne shi cikin shinkafa, aka binne shi, ya fito yana ƙyat da ƙamshin buhu. Wani ya ce sanyi yake so, aka naɗe shi cikin leda aka kai shi firijin mai sayar da ƙanƙara, ya kwanta tsakanin lemun zaƙi da zoɓo. Aka canja masa waya. Aka kwantar da shi ta gefe, aka kife shi, aka tsayar da shi. Daga ƙarshe na kai shi wurin mai gyara a kasuwa. Mutumin ya kara shi a kunne kamar yadda likita ke sauraron ƙirji, ya daɗe yana ji, sannan ya miƙo mini shi da hannu biyu ya ce, “Mushe Inusa, ka kai shi gida ya cika cikin iyalinshi.” Haka aka yi. Ranar Talata fitilar goshinsa ta yi ƙyafta biyu, ya ce “ƙyat” ƙasa-ƙasa, ta mutu.

Marigayin ya bar wayarsa, wadda har yanzu take kwance inda ya bar ta. Ya bar jakarsa ta atamfa. Ya bar ordinatar ɗina, abokin zamansa, wanda tun ranar nake lura yana jinkirin tashi. Ya bar wasu ƙananan kile guda-guda, 'yan ma'ajiyan nan masu kamar yatsa, a aljihun teburi, 'yan'uwa ne na nesa, masu ƙaramin ciki da yawan ɓata, ba wanda za a ɗora wa nauyin gida. Ya bar wani ɗan rabo a ajiyar intanet da ake kira gajimare. Ya kuma bar ƙanensa guda, Auta, wanda ke zaune a Jiratawa. Waɗannan biyun na ƙarshe sai na yi bayani, domin masu zuwa gaisuwa sun yi ta tambaya, wasu cikin tausayi, wasu cikin faɗa.

Game da gajimare, ba ƙin sa na yi ba. Mansura ce ta buɗe mini wuri a can tun da daɗewa, ta ce ajiya ce da wuta ba ta ci, ɓarawo ba ya ɗauka, kuma duk inda mutum yake zai iya miƙa hannu ya ɗauko abinsa. Na ga gaskiyarta, na fara lodi. Sai dai tera huɗu ba kayan da ake ɗauka a ka ba ne, kuma rezo na unguwarmu, wato layin intanet, yana tafiya ne irin ta mai ciwon ƙafa. In na sayi forfe, wato data, na kunna, sai in ga layin lodi ya ɗan motsa kamar zai yi abin kirki, sai ya tsaya ya huta, sai forfe ya ƙare. Na lissafa a zuci na ga in an ci gaba a haka, jikokina ne za su ga ƙarshensa. Na tsara aikin yadda ake tsara komai, daga sabo zuwa tsoho. Ana cikin haka wurin kyauta ya cika, aka ce in ina son ƙari sai in kama haya wata-wata har iyakar rayuwa. Na ce bari in yi shawara, shawarar kuma ta yi tsawo.

Bayan rasuwar na shiga don in ga abin da ya tsira. Na tarar da hotunan allo na darasin damina da rani, da hoton silin ɗin ɗakina da waya ta ɗauka da kanta, da hotunan wani rago da maƙwabcina ya sa na ɗauka masa ta gaba, ta baya, ta gefe da ta sama lokacin da yake neman mai saye. Suna nan lafiya lau, ba abin da ya taɓa su. Da na faɗa wa Mansura ta waya, ta ce, “Yaya, wato ka sa Baba layi bayan rago.” Na ce ragon ya fi kusa a tarihi. Ta ce, “To ka rubuta wannan a allo gobe, yara su kwafa.” Na san zafin rai ne ya sa ta faɗa, ban riƙe ta ba.

Game da Auta kuwa, labarin ya fi tsawo. Shekara biyu ko uku bayan zuwan Ɗanlami, wani abokin aikina ya ce mini ajiya ɗaya ba ajiya ba ce, a samu ta biyu, kuma kada su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, don abin da ya ci wannan kada ya ci wancan. Na sayo wani faifai irinsa sak, na juye masa duk abin da ke cikin yayansa, har da bidiyon Baba, na ɗauke shi da ɗan goro zuwa gidan Gwaggo Tsahara a Jiratawa. Na ce ga ajiya na kawo. Ta juya shi a hannu ta ce, “Mi ke ciki?” Na ce hotuna ne da takardun lakwal, da kuma muryar Baba. Ta dube ni, ta dubi faifan, ta ce, “Muryar Jibo na cikin abin ga?” Na ce tana ciki. Ta ce, “To wannan ba ajiya ba ce. Riƙo ka kawo mini.” Nan take ta sa masa suna Auta, ta naɗe shi cikin tsohon zanenta mai laushi, ta sa shi cikin kwalla ta rufe, ta ɗora bisa jere.

Ba wanda zai ce Gwaggo ba ta riƙe shi da kyau ba. Shekarar da ruwan gulbi ya shigo unguwarsu, kwallar Auta ta fara ɗauka a ka kafin buhun hatsinta. Ranar salla takan ajiye masa dabino guda a gefe. Maƙwabtanta sun shaida mini cewa da safe, in ta zo wucewa ta gaban jere, takan ce, “Jibo, an tashi lahiya?” Sai dai kowa ya san ƙa'idar riƙo a wurinmu. Wanda ya ba da ɗa ba ya zuwa leƙe, ba ya kuma buɗe baki ya ce a ba shi abinsa. Sau da yawa na je da ordinatar a jaka don in ƙara wa Auta sababbin abubuwa, da zarar ta ga jakar sai ta ce, “Ka zo ka ga ko ya rame? In ba ka yarda da riƙona ba, faɗi gaban mutane.” Sai in ce gaisuwa kawai na zo, in sha fura in koma. Saboda haka Auta bai san komai ba bayan shekarar da aka kai shi. Bai san auren Fadila ba, bai san na yi furfura ba. Abubuwan da suka faru tun daga lokacin sun tafi tare da Ɗanlami, kuma mun haƙura da su. Amma muryar Baba tana cikin Auta, kuma yanzu nan kaɗai take a faɗin duniya, cikin kwalla, bisa jere.

Kashegarin rasuwar, ni da Rahma muka tafi Jiratawa. Mun tarar da Gwaggo a inuwar ɗakinta tana tsige zogale cikin faranti. Bayan an gaisa na ce, “Gwaggo, labari marar daɗi muka kawo. Ɗanlami ya rasu.”

Ta tsaya da tsiga. “Wane Ɗanlami? Na gidan Atika?”

“A'a, yayan Auta.”

“Assha. Mi ya same shi?”

Na faɗa mata yadda ya fara ƙyat-ƙyat. Ta girgiza kai ta ce, “Aiki ya kashe shi. Kullum waya a jiki, kullum wutar kuran, ba hutu. Nawa fa? Tun da ya zo hannuna ko mura bai taɓa yi ba.”

Na ce gaskiya ne. Na ce amma yanzu muryar Baba wuri guda ta rage, ina so a ba ni dama in haɗa Auta da ordinatar in kwafo ta.

“Ka soka mashi abin da ya kashe ɗan'uwanshi?”

Na yi mata bayani a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji. Na ce kwafa ba ta rage komai, kamar ɗiban wuta ne a murhun maƙwabta, ka tafi da taka, tasu na nan tana ci. Ta ce, “Ɗan Jibo, na girme ka a ɗiban wuta. Na sha ganin mai ɗiba ya tone murhun mutane ya bar su da toka.” Ta ci gaba da tsigar zogalenta.

Nan Rahma ta gyara zama ta ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, Malam bai iya kawo magana ba. Ba kwafa ta kawo mu ba. Zaman makoki za a yi ranar Asabar.” A lokacin na fara jin labarin makokin, amma na gyaɗa kai kamar da ni aka shirya. Ta ci gaba, “To yayan mutum ya rasu, a zauna, a duba ba a ga ƙanen ba. Mutanen Sabon Gari kin san bakinsu. Ba za su ce komai a kan Malam ba. Cewa za su yi, wa ya rene shi?”

Gwaggo ta ajiye reshen da ke hannunta. “Wa zai ce haka?”

“Ni dai ban kira suna ba.”

“Ba a haihi wanda zai ce ban koya wa ɗana zumunci ba. Za shi zo. Ni zan kawo shi da kaina.”

“Allah ya ƙara girma. Sai dai Gwaggo, baƙo ba ya wuni gidan makoki da yunwa. Mu za mu ci dambu, shi kuwa kin san abincinsu.”

Gwaggo ta harare ta, harara irin wadda ake yi wa wanda ya ci ka a dara. Ta ce, “Ke 'yar nan, da ke aka ba aji, ba shi ba. To a ba shi, amma kaɗan, bai saba ba. Ina zaune yana ci. In na miƙe, a zare.”

Ni ba na iya ɓoye abu, don haka na faɗa mata gaskiya tun a nan. Na ce abin da ke cikin Auta yana da yawa, juye shi zai ci wuni, kuma niyyata ita ce in roƙi masu gaisuwa su riƙe ta da hira har a gama. Ta yi dariya har ta dafa ƙasa. Ta ce, “Ka tara masu surutun Maradi duka, ka ƙaro na Tsibiri. La'asar na yi na tashi. Awakina ba su san makoki ba.”

Sai na ƙara da cewa in an haɗa shi, ba kwafa kaɗai za a yi ba, za ta ga Baba, za ta ji shi. Tun da aka ɗauki bidiyon ba ta taɓa gani ba. Ta ɗauki wani reshe da ta riga ta tsige ta ci gaba da bin sa da yatsu, ba ganye ko ɗaya a jikinsa. Can ta ce, “Da malafar nan tashi mai yagaggen baki?” Na ce da ita a kansa. Ta ce, “Na hana shi sa ta gaban mutane, bai ji ba.”

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza da zaman makoki. Na tuntuɓi limamin unguwarmu, ya ce in rubuta abin da nake so, amma kada in kira shi salla, kada kuma in aiko aron makara. Mun bi umarninsa. Za a zauna ranar Asabar mai zuwa a gidana da ke Sabon Gari, daga hantsi. Maza a rumfar ƙofar gida, mata a tsakar gida, marigayin kuma yana kan teburi cikin jakarsa ga mai son yi masa kallon ƙarshe. Akwai shayi da dambun zogale. Bayan la'asar za a kwantar da shi a ƙasan akwatin ƙarfe, tsakanin rigar aurena da tsohuwar taswirar Afirka, da wayarsa a gefensa. Ba za a tona rami ba.

Auta zai iso da mota, a kujerar gaba, a kan cinyar Gwaggo, cikin kwallarsa. An gode wa masu kabu-kabu da suka yi tayi, amma iyali sun yanke shawara. Za a sauke shi a kan teburi kusa da wani sabon faifai da bai da suna tukuna, wanda zai karɓi abin da za a juye. Ana roƙon jama'a kada kowa ya jingina da teburin, kada a ɗora masa kofin shayi, kada a nemi cajin waya a wurin da aka haɗa Auta, ko da batir ya kusa mutuwa. Mai kuka ya yi daga nesa, don girgiza ba ta yi wa faifai kyau. Maƙwabcina mai ragon nan ya ba da aron batirinsa na hasken rana ko da kuran zai ɗauke, Allah ya saka masa.

Babban roƙona ga masu zuwa shi ne gaisuwa. Kada kowa ya gaida Gwaggo a tsaye. A durƙusa, a zauna, a yi ta cikakkiya. A tambaye ta gida, a tambaye ta gajiyar hanya, a tambaye ta gwiwarta ta hagu sannan ta dama. A tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, tana da labarin kowace. Wanda ya san wani nata da ya yi aure ko ya yi tafiya, ya tayar da zancen. Wanda ya gama ya koma bayan layi ya sake zuwa, ba za a ce komai ba. Abokin aikina Malam Abdulmutallib, mai koyar da lissafi, ya yarda a ajiye shi sai an ga Gwaggo ta fara neman takalmanta, sannan ya fara ba ta labarin tafiyarsa Agadas. Waɗanda suka taɓa jin farkonsa a ɗakin malamai sun san har yau ba a kai Tawa ba.

Ko da duk wannan bai riƙe ta ba, ba komai. Darussa da kokowa da kasakasai, abin da ya samu shiga ya shiga, abin da ya rage ya koma Jiratawa tare da mai riƙonsa. Wannan karon Baba ne farkon layi. Shi za a fara juyewa a sabon faifai, daga nan a tura shi gajimare da forfen da Mansura ta aiko, daga nan a tura mata a waya, ita kuma ta yi alkawarin nisantar randa.

Ban ɓoye wa jama'a ba, Auta ya daɗe yana barci, kuma ban san ko zai farka ba. Faifan da ya shekara da shekaru bai ga kuran ba yakan tashi garau, yakan kuma ƙi tashi. Don haka muna neman addu'arku a daidai lokacin da zan haɗa wayar. In fitilar goshinsa ta kama, ya gyara murya irin ta gidansu, zan ɗaga hannu. Daga nan ina roƙon kowa ya yi shiru, mai shayi ya ajiye buta, mai tauna ya dakata, har sai Baba ya gama magana. Ba zai daɗe ba.

Gwaggo ta gindaya sharaɗi guda, na kuma yi mata alkawarin zan rubuta shi a nan don kowa ya sani tun daga gida. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a gaba, dab da ordinatar, a ƙara sauti don kunnenta ya yi nauyi. Ta ce kuma muddin Jibo yana magana, kowa ya dubi Jibo. Kada wanda ya dubi fuskarta.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya ba masu zuwa ikon doguwar gaisuwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Mai sanarwa, a madadin iyali,
Malam Inusa Jibo,
Sabon Gari, Maradi.